Takarda Ta Bi Iska, Mai Ƙara Ya Bi Ƙasa: Kotuna a Shekarar Korona

A cikin mako guda na watan Maris 2020 aka yanke shawara biyu, ɗaya a Abuja ɗaya a Yamai, waɗanda suka taɓa duk mai shari'a a ƙasar Hausa. Ranar 23 ga wata Alƙalin Alƙalan Najeriya, Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, ya aika wa shugabannin kotuna takarda cewa a dakatar da zama na mako biyu daga washegari, ban da shari'o'in gaggawa da waɗanda doka ta ɗaure da wa'adi. Ranar 27 ga wata kuma Shugaba Mahamadou Issoufou ya yi wa 'yan Nijar jawabi: ya kafa dokar ta-ɓaci kan lafiya, ya hana fitar dare a Yamai, ya killace birnin, ya yi wa fursunoni 1,540 afuwa, cikinsu har da madugun adawa Hama Amadou. Kwana takwas ke nan da gano mutum na farko mai korona a ƙasar. A Najeriya mako biyun nan ya ƙare cutar ba ta lafa ba, sai aka tsawaita rufewar ranar 6 ga Afrilu, ba tare da an faɗi ranar buɗewa ba.

Rufe kotu ba kamar rufe makaranta ba ne, domin shari'a tana tafe da kwanakinta. Wanda aka yanke wa hukunci yana da wa'adin ɗaukaka ƙara, in ya wuce to ya wuce. Wanda ke tsare yana jiran beli, kowane dare na jiran a bayan ƙofa yake kwana. A Najeriya a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na mazauna gidan yari ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Afuwa kuwa, ko ta Issoufou ko wadda ministan Najeriya Rauf Aregbesola ya sanar ranar 9 ga Afrilu ga mutum kimanin 2,600, galibi waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci take samu: tsofaffi, marasa lafiya, da waɗanda zamansu ya kusa ƙarewa. Mai jiran shari'a alƙali yake bukata, alƙali kuma ba ya motsi sai takarda ta iso gabansa.

Yadda takardar ke isa, sananne ne ga duk wanda ya taɓa zirga-zirgar kotu. Lauya ko yaronsa ya ɗauko kwafi-kwafi ya kai ofishin magatakarda, a ƙiyasta kuɗin rajista, ya biya ya kawo rasit, a buga hatimi da kwanan wata, a ba shari'ar lamba. Daga nan ma'aikacin kotu ya ɗauki sammaci ya nemo wanda ake ƙara ya damƙa masa hannu da hannu, ya dawo ya rubuta cewa ya kai. Kowane mataki hannu ne ke taɓa hannu, kuma abin da likitoci suka hana ke nan.

Ba a 2020 aka fara zancen mayar da wannan aiki kan kwamfuta ba. Tun 2012 sashen shari'a na Najeriya yake da rubutacciyar manufa kan fasahar sadarwa, a 2018 kuma aka ƙaddamar da adireshin imel na musamman ga lauyoyi domin musayar takardu da Kotun Ƙoli. Amma abin yana tafiyar hawainiya, ga lauyoyi da yawa kuma ba su ga dalilin barin abin da suka saba ba. Dole uwar na-ƙi. Abin da shekara takwas na taro da jawabi ba su yi ba, mako shida na kulle ya yi shi.

Abin lura shi ne inda aka fara. Ba Legas ba ce, ba Abuja ba, Maiduguri ce. Ranar 27 ga Afrilu 2020 Babbar Kotun Jihar Borno ta yi zama ta bidiyo, ta yanke hukunci a shari'ar kisan kai, ta wanke wanda ake tuhuma ta sallame shi. Babban Jojin jihar, Mai Shari'a Kashim Zannah, shi ne shugaban kwamitin fasahar sadarwa na sashen shari'ar ƙasar, kuma ya daɗe yana wannan kira. Ba mamaki jihar da rikici ya koya mata wuyar tara alƙali da fursuna da shaidu a ɗaki guda ta riga kowa. Mako guda bayan haka, ranar 4 ga Mayu, Mai Shari'a Mojisola Dada ta Babbar Kotun Ikeja ta yanke wa wani mutum hukuncin kisa ta manhajar Zoom. Wannan ne ya zagaya duniya, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka yi tir da shi. Na Maiduguri, wanda aka saki mutum a cikinsa, kaɗan ne suka ji labarinsa.

A farkon Mayu Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idojin aiki, waɗanda kwamitin Mai Shari'a Bode Rhodes-Vivour ya tsara, manyan jojin jihohi da na Babbar Kotun Tarayya su ma suka fitar da nasu umarnin. Gundarinsu ɗaya ne. Lauya ya ɗauki hoton takardunsa ya mayar da su PDF ya tura wa magatakarda ta imel. Magatakarda ya ƙiyasta kuɗi ya sanar da shi ta waya ko saƙo, ya biya ta banki ya turo shaidar biya. Ɗaya ɓangaren kuma a isar masa da takardun ta imel ko WhatsApp. Wanda ya dage sai ya kawo takarda da hannu, a ajiye ta gefe ta yi kwanaki kafin wani ya taɓa ta.

Nan da nan tambayoyin da tsohon tsari ya daɗe da amsawa suka dawo sababbi. Yaushe aka shigar da ƙara, lokacin da lauya ya danna aikawa, ko lokacin da aka tabbatar kuɗi sun shiga? Ga wanda wa'adinsa zai ƙare a daren, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Alama biyu shuɗaye a WhatsApp sun isa hujjar cewa mutum ya karɓi sammaci, alhali wayar gida ɗaya na iya zama a hannun mutum uku? Sannan ga rantsuwa. Yawancin buƙatun da ake kai wa kotu sai an haɗa su da takardar rantsuwa, dokar shaida kuma ta ce mai rantsuwar ya tsaya a gaban jami'in da ke rantsarwa. Wato takardar da za ta bi iska, sai mai ita ya fara takawa da ƙafa. Wannan giɓin bai toshe ba sai a 2023, da aka gyara dokar shaida ta amince da rantsuwa ta bidiyo da sa hannu ta na'ura.

Babbar muhawarar kuwa kan tsarin mulki ce. Sashe na 36 ya ce a yi shari'a a bainar jama'a, to shin zaman da ake shiga da lambar sirri bainar jama'a ne? Alƙalai da dama suka ja baya don tsoron kada kotun sama ta rushe hukuncinsu. Jihohin Legas da Ekiti suka kai maganar Kotun Ƙoli. Ranar 14 ga Yuli 2020 kotun ta ce ƙarar ta yi gaggawa tunda ba wanda aka tauye wa haƙƙi tukuna, ta kuma bayyana cewa a halin da ake ciki zama ta bidiyo bai saɓa wa tsarin mulki ba. Jihohin suka janye. Hukunci ne da bai gamsar da malaman doka ba, amma ya ishi alƙalai su ci gaba.

A Kano, inda aka kulle gari tun 16 ga Afrilu kuma mace-macen da suka tayar da hankali suka cika maƙabartu a ƙarshen watan, kotun da talaka ya fi gani ita ce ta tafi-da-gidanka, wadda ke cin tarar masu karya dokar zaman gida. Kotunan shari'ar Musulunci, inda mafi yawan rigimar aure da gado da bashi ke zuwa, da baki ake kai musu ƙara, magatakarda ya rubuta. Wanda ƙararsa a bakinsa take, me zai tura ta imel?

Wannan tambaya ta fi nauyi in aka tsallaka iyaka aka nufi arewacin Maraɗi. Bader Goula ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Dakoro, ƙasar noma da kiwo, inda gonar hatsi ke haɗuwa da makiyaya. Dakoro kanta tana da nisan kusan kilomita 120 daga Maraɗi. Rigingimun irin wannan yanki sanannu ne: iyakar gona, gado, jingina da aron fili, rijiya, burtalin da noma ya ci, da ɓarnar dabbobi kafin a kau da amfani. Tun dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, zuwa kundin dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010, hukuma take ƙoƙarin raba wannan gardama.

Shari'a a nan ba da takarda take farawa ba. Mai ƙorafi ya je wurin mai gari ko hakimi ko shugaban ruga ya faɗi damuwarsa, a kira abokin rigimarsa, a kira dattawan da suka san inda kakanni suka dasa gamba ko suka bar itace a matsayin iyaka, in ta kama a taka har gonar. Dokar Nijar ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu, ba ikon hukunci ba. In an daidaita a rubuta takardar sulhu, in an kasa a rubuta ta rashin sulhu, da ita mai ƙara zai nufi kotun Dakoro, inda alƙali ke zama da mashawarta masana al'ada a irin waɗannan shari'o'i. A wannan gaɓar ce maganar da aka yi da Hausa ko Fulatanci ko Tamashek take komawa Faransanci, harshen da mai gonar ba ya karantawa. Manya masu iya karatu da rubutu a Nijar kusan kashi ɗaya cikin uku ne, waɗanda lantarki ya kai gare su a 2020 ba su kai kashi 20 cikin 100 ba, lauyoyi kuwa kusan dukkansu a Yamai suke zaune.

Ba wai Nijar ba ta da doka ba. A 2019 ta yi dokar mu'amala ta na'ura, wadda ta ba rubutu da sa hannun kwamfuta matsayi, ta kuma yi dokar laifukan intanet. Ta biyun ce aka fara jin amonta a zamanin korona: a farkon Maris 2020 aka kama ɗan jarida Kaka Touda Mamane Goni kan saƙon da ya wallafa game da wani da ake zargin yana da cutar a asibitin Yamai, daga baya aka yi masa ɗaurin talala na wata uku. A ganina wannan ya nuna inda aka sa gaba. Saƙon waya ya isa ya kai mutum gaban alƙali a matsayin wanda ake tuhuma, tun kafin ya isa ya kai shi a matsayin mai neman haƙƙi.

Kuma ba rigima kaɗai ke kai ɗan karkara kotu ba. Takardar shaidar zama ɗan ƙasa, takardar da ke nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba, hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa ga wanda ba a yi wa rajista yana jariri ba, duk daga kotu suke fitowa. Shekarar kuma ta zaɓe ce, na ƙananan hukumomi ranar 13 ga Disamba, na shugaban ƙasa ranar 27, ga ɗalibai masu jarrabawa da masu neman aiki. Maganin da Nijar ta daɗe da samo wa nisa shi ne alƙali ya fita rangadi, ya zauna a ƙauye ya yi wa ɗaruruwa takardar haihuwa a yini guda. Amma rangadi taro ne, taro kuwa shi aka hana a waɗancan watanni, har masallatai sai 13 ga Mayu aka buɗe su. Da a ce waɗannan ƙananan takardu aka fara mayarwa kan waya, da sun rage wa mutanen Bader Goula kuɗin mota da asarar yini fiye da duk wani zaman bidiyo. Mutanen da ke aika saƙon murya suna cinikin rago da karɓar kuɗi daga 'ya'yansu na ci-rani ba fasaha ce ta gagare su ba.

Akwai kotu guda da ta haɗa ƙasashen biyu a lokacin, Kotun ECOWAS da ke Abuja. A watan Mayu 2020, ƙarƙashin Mai Shari'a Edward Amoako Asante, ta fitar da umarnin karɓar takardu ta na'ura da zama ta bidiyo. A nan ne sauyin ya fi yin ma'ana, domin iyakoki a rufe suke, jirage ba sa tashi, masu ƙara kuma a ƙasashe 15 suke warwatse. 'Yan Nijar sun san darajar wannan kotu tun 2008, lokacin da alƙalanta suka taso har Yamai don sauraron Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya a yankin Konni, suka kuma umarci gwamnati ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. A wancan karo kotu ce ta yi tafiya don mai ƙara ba ta da halin zuwa. A 2020 kuwa lauya a Yamai ya samu damar shigar da ƙara daga ofishinsa.

Abin da ya biyo baya bai tafi bai ɗaya ba. Kenya ta wajabta shigar da ƙara ta intanet a kotunan Nairobi daga 1 ga Yuli 2020, ta kuma ɗore a kai. A Najeriya da cutar ta lafa kotuna da yawa suka koma layin magatakarda. A Afrilun 2021 ƙungiyar ma'aikatan shari'a ta JUSUN ta garƙame kotunan ƙasar sama da wata biyu kan 'yancin kuɗin sashen shari'a, imel bai yi amfani ba tunda mai buɗe shi na cikin masu yajin aikin. Kotun ECOWAS ta riƙe sabon tsarinta. Ita ce lauyoyin hamɓararren shugaban Nijar Mohamed Bazoum suka kai wa ƙara bayan juyin mulkin Yuli 2023, ranar 15 ga Disamba ta ce a sake shi, ba a sake shi ba. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata, tare da Mali da Burkina Faso.