Kaskod: Dabarar da Ta Girmi Tiransisto

A shekarar 1952, James Early na ɗakin binciken Bell a Amurka ya bayyana wani aibi a jikin tiransisto, wadda a lokacin ba ta fi shekara biyar da ƙirƙirowa ba. Fatan injiniyoyi shi ne lantarkin da ke kwarara ta ƙafarta mai suna kolekta ya tsaya inda aka tsayar da shi, ko da nauyin na'urar da take ciyarwa ya sauya. Early ya nuna cewa idan ƙarfin lantarki ya ƙaru a kan kolekta, siririn ɓangaren tsakiya da ake kira bes yakan ƙara sirancewa, sai kwararar ta hau. A tiransisto ta yau da kullum, ƙarin bolt 10 na iya ƙara kwarara da kusan kashi 10 cikin ɗari. Rediyon gida zai jure wannan, amma na'urar awo sai ta fara faɗin ƙarya.

Ashe maganin ya riga cutar zuwa duniya. Tun a 1939, zamanin kwalaben lantarki, Frederick Hunt da Roger Hickman na Jami'ar Harvard suka raɗa sunan kaskod ga tsarin ɗora kwalba ɗaya a kan ɗaya, a wani nazari kan daidaita ƙarfin lantarki. A 1948 kuma Henry Wallman da abokan aikinsa suka wallafa yadda tsarin ke ƙarfafa raunanan saƙonni ba tare da yawan hayaniya ba, sakamakon aikin rada na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga nan ya shiga akwatunan talabijin.

Da tiransisto ta gaji kwalba, sai ta gaji dabarar. Ta ƙasa ita ke ƙayyade yawan kwarara. Ta sama kuwa ana ɗaure bes ɗinta a kan ƙarfin da ba ya motsi, don haka ƙafarta ta ƙasa, wato emita, takan zauna kimanin bolt 0.6 ƙasa da shi. A nan aka haɗa kolektar ta ƙasa, saboda haka ba ta jin hawa da saukar da nauyi ke jawowa. Ta sama ce ke shanye su, tana miƙa kusan duk abin da ta karɓa. Tsayuwar kwarara na iya ninkuwa har kusan sau ɗari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai goyo yana da kuɗinsa. Kowace tiransisto na cin rabonta na ƙarfin lantarki, kuma ƙwaƙwalwar wayoyin yau na aiki da bolt 1 ko ƙasa da haka. Wannan ƙunci ya sa masu ƙira suka karkata ga naɗaɗɗen kaskod, inda ake ajiye ta biyun a gefe maimakon a bisa. Fasalin ya sauya, amma rabon aikin yana nan yadda aka tsara shi a 1939.