Yadda Rediyo Ta Gaji Dandali

Tun kafin zuwan rediyo mutumin ƙauye a ƙasar Kano ba ya rasa abin saurare idan rana ta faɗi. A arewa da birni, wajen Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta, inda gona ke manne da gona, gida kuma ba ya nisa da gida, kowa da inda ya ke kai kunnensa. Tsofaffi mata na yi wa jikoki tatsuniya a tsakar gida, yara na jifan juna da kacici-kacici a dandali, magidanta kuwa suna zaure wurin malami, yana karanta littafi yana fassarawa. Ran kasuwa ga 'yan kama suna kwaikwayon wa'azi, amma duk nassinsu tuwo ne da fura. Azumi ya kwana goma, ga 'yan tashe. Wanda ya riƙe wannan zai gane inda shirye-shiryen rediyo na Hausa suka samo kamanninsu.

A cikin 1944, ana tsakiyar yaƙin Hitila, rediyo ta fara magana a Kano. Ba irin wadda muka sani ba ce. Waya a ke ja daga tasha zuwa wani akwati, mai gida ya riƙa biyan haya, ba shi kuwa da ikon zaɓen abin da zai ji. An kuma kafa lasifika a wuraren taruwar jama'a. Babban nufin Turawa shi ne a ji labarun yaƙi da sanarwar gwamnati. To, amma waya ba ta fita gari ba. Sai dai manomin da ya koro jakinsa birni ɗibar taki ya tsaya ya ji, ya koma gida da labarin akwati mai magana, wadansu su gaskata, wadansu su ce ya cika ƙari.

Sanarwa zalla ba ta riƙe kunne, kamar yadda tuwo gaya ba ya wucewa. Saboda haka, da gwamnati ta kafa ma'aikatar rediyo ta ƙasa a 1951, aka buɗe mata reshe a Kaduna, sai ma'aikata suka shiga neman miya. Ba su yi nisa ba, dandali suka koma. Malam Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta wasannin kwaikwayo aka watsa su, daga baya aka buga su cikin littattafai, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. Na biyun labarin wani attajiri ne da ya ƙi jin shawara ya auri mace mai zaman kanta, ya ga abin da ya gani. Watau wa'azi ne, amma an shafa masa zuma.

Ran 13 ga Maris 1957 BBC ta fara magana da Hausa daga London, minti 15 kacal, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. A 1962 kuma gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin nata na kanta a Kaduna. Abin da ya kai waɗannan muryoyi karkara kuwa shi ne ƙaramar rediyo mai batir, wadda ta yawaita a shekarun nan. Ba ta son waya, ba ta son lantarki. Kuɗin gyaɗa ya shigo, a saye ta, a ɗinka mata riga, a rataye ta a reshen ɗorawa ana noma.

A nan ne wasan kwaikwayo ya yi kaka-gida. Alhaji Yusuf Ladan ya shirya Zaman Duniya Iyawa Ne. Bayan yaƙin basasa, wanda ya ƙare a 1970, Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya fito da Samanja Mazan Fama, da tsawarsa da Hausarsa ta bariki mai gauraye da Turanci. Mutanen da suka saba darewa in sun hangi kaki, ga su suna ƙyaƙyata dariyar soja a ƙofar gida. A ganina wannan ba ƙaramin aiki ba ne: abin da 'yan kama su ke yi wa malamai, shi Samanja ya yi wa bariki.

Kacici-kacici shi ne ya fi sauya hali. Na dandali wayo ya ke gwadawa, in ka kasa sai ka ba da gari. Na rediyo karatu ya ke gwadawa: wace shekara, wane sarki, ina ne babban birnin ƙasa kaza. 'Yan makaranta ke karawa, ana ba da maki. Sunan ne kaɗai bai sauya ba.

Karatun zaure kuwa ya shiga ta ƙofa biyu. Da azumi gidan rediyon Kaduna ya riƙa watsa tafsirin Shaihu Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello. Ga kuma filayen karanta labarai, irin su Shafa Labari Shuni. Da marubutan Kano suka cika kasuwa da littattafan soyayya daga wajen 1985, aka riƙa karanta su babi-babi a rediyo, matar da ke cikin kulle, ko ba ta san baƙi ko ɗaya ba, ta san littafi daga farko har ƙarshe. Sai dai fa ribar nan da hasararta, gama a gidaje da yawa kaka ta yi shiru, Gizo da Ƙoƙi suka ja da baya.

Wadansu sun ce tun da akwati na karantawa, me ya rage na wahalar ajin Yaƙi da Jahilci? Sun manta kunne ba ya mai da amsa. Filin gaisuwa na Zaɓi Sonka, da amsar tambayoyi, da labarun ban dariya irin na Taɓa Kiɗi Taɓa Karatu a BBC, duk da wasiƙun masu saurare suka rayu. A ƙauye wanda ya iya riƙe alƙalami shi a ke nema ya rubuta, shi zai jera sunayen mutanen unguwa, a sayi kan sarki, a ba mai zuwa birni ya jefa a gidan waya, sa'an nan a zauna makonni ana kasa kunne. Haka aka yi ta yi har wayar hannu ta shigo a 2001, aka koma bugawa kai tsaye.