BABI NA UKU: TARIHIN GANO YADDA JINI KE KEWAYA A JIKIN ƊAN ADAM

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda masana suka gano hanyar da jini ke bi a jikin ɗan Adam. A yau ko ɗan makarantar sakandare ya san zuciya ce ke tura jini zuwa huhu ya dawo, sannan ta tura shi zuwa sauran sassan jiki ya sake dawowa. Amma kafin a kai ga wannan sani sai da aka shafe kusan shekara 1,500, wato daga zamanin Jalinusu zuwa shekarar 1661. Haka kuma za a taɓo taƙaddamar da ke tsakanin masana tarihi game da wanda ya cancanci a jingina wa wannan bincike.

3.1 Ra'ayin Jalinusu

An haifi Jalinusu a shekarar 129 Miladiyya a birnin Pergamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Ya fara aiki ne a matsayin likitan mayaƙan da ake haɗawa su fafata da makami a gaban 'yan kallo, daga baya ya koma Rum ya zama likitan Sarki Marcus Aurelius. Da yake ba a feɗe gawar mutum a zamaninsa, sai ya dogara ga feɗe dabbobi, musamman birai da aladu.

A ra'ayinsa, hanta ce ke mayar da abinci jini, jijiyoyi su rarraba shi ga gaɓoɓi, su kuma gaɓoɓin su shanye shi kamar yadda komai a lambu ke shanye ruwan da aka koro masa. Ke nan jini ba ya dawowa, kullum sabo ake yi. Ya ƙara da cewa wani kaso na jinin yana shiga kogon dama na zuciya, ya tsattsafa ta wasu 'yan kafofi da ke jikin bangon da ya raba zuciya biyu, ya faɗa kogon hagu inda zai gauraya da iskar da ta zo daga huhu. Waɗannan kafofi babu wanda ya taɓa ganin su, har shi Jalinusun. Duk da haka bai kamata a raina shi ba, domin shi ne ya nuna ta hanyar gwaji cewa jijiyoyi masu bugawa jini ne a cikinsu, ba iska ba kamar yadda wasu magabatansa suka zata.

Hunainu bn Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, shi da almajiransa suka fassara littattafan Jalinusu zuwa Larabci a Bagadaza. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya gina littafinsa Alƙanun a kansu, bai kuwa musa batun wucewar jini tsakanin kogunan zuciya ba.

3.2 Ibnun Nafis

Mutum na farko da aka sani ya fito fili ya ƙaryata zancen kafofin nan shi ne Ala'uddin Aliyu bn Abil Hazm, wanda aka fi sani da Ibnun Nafis. Ya yi karatun likitanci a asibitin Nuri da ke Dimashƙa, sannan ya koma Alƙahira wajejen 1236, inda ya haɗa aikin likita da karantar da fiƙihun Shafi'iyya. A shekarar 1242, yana ɗan kimanin shekara 30, ya rubuta sharhi a kan sassan Alƙanun da suka shafi ƙirar jiki, mai suna Sharhu Tashrihil Ƙanun.

A cikin wannan sharhi ya bayyana cewa bangon da ke tsakanin kogon dama da na hagu mai kauri ne, ba shi da kafa, ta fili ko ta ɓoye. Tun da haka ne, in ji shi, babu makawa jinin da ke kogon dama ya bi ta jijiya zuwa huhu, ya watsu a cikinsa, ya gauraya da iska, sannan ya bi ta wata jijiyar ya sauko kogon hagu. Wannan shi ne abin da ake kira ƙaramin kewaye, ko kewayen huhu. Bugu da ƙari, ya saɓa wa Ibn Sina game da abincin ita kanta zuciyar, ya ce daga jijiyoyin da suka ratsa namanta take samun sa.

Abin mamaki a nan shi ne, a gabatarwar littafin ya faɗi cewa shari'a da tausayi sun hana shi feɗe gawa. Wannan ya raba masana biyu: wasu na ganin ta hanyar hujja da nazarin hankali kawai ya kai ga sakamakon, wasu kuwa na ganin ya yi fiɗar, ya dai sakaya ne. Ko ma wanne ne, a ce matashi ya dubi Jalinusu da Ibn Sina ya ce sun yi kuskure, a zamanin da maganarsu ta zama yankan wuƙa, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Ya rasu a Alƙahira a 1288, bayan ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri.

3.3 Masanan Turai a Ƙarni na 16

Andreas Vesalius ya wallafa babban littafinsa na ƙirar jiki a 1543, a bugu na biyu kuma, na 1555, ya nuna shakkarsa a fili game da kafofin. Michael Servetus, mutumin yankin Aragon na Sifen, ya kawo bayanin kewayen huhu a 1553, amma a cikin littafin tauhidin Kirista. Saboda aƙidar da ke cikin littafin aka ƙone shi da ransa a Geneva ranar 27 ga Oktoba na wannan shekara, kwafi 3 kacal suka tsira. Wanda bayaninsa ya yaɗu shi ne Realdo Colombo na Italiya, a littafinsa na 1559.

3.4 William Harvey

An haifi Harvey a Folkestone ta Ingila a 1578, ya kuma kammala karatun likitanci a Jami'ar Padua a 1602. Malaminsa Fabricius ya yi nazarin wasu 'yan marufai da ke cikin jijiyoyi marasa bugawa, amma ya ɗauka aikinsu shi ne rage gudun jini don kada ya taru a ƙafafu da hannaye. Harvey ya lura cewa dukansu zuciya suke fuskanta, wato suna barin jini ya nufi zuciya, su hana shi komawa baya.

Babbar hujjarsa ta lissafi ce. Ya ƙaddara cewa zuciya na fitar da rabin oza na jini a kowane bugu, tana kuma bugawa sau 1,000 a rabin sa'a. Ke nan oza 500 a rabin sa'a, wanda ya zarce dukan jinin da ke jikin mutum. Ina hanta za ta samo abincin da za ta yi wannan jini, ina kuma gaɓoɓi za su kai shi? Amsa ɗaya ce: jinin nan dai shi ne ke zagayowa. Alƙalumansa ma sun gaza na gaskiya, domin a yanzu an san zuciyar baligi na tura kimanin lita 5 a minti guda, kusan dukan jinin jikinsa.

Ya ƙarfafa wannan da gwajin ɗaure damtse. In aka tamke ɗaurin sosai, bugun jijiya a wuyan hannu yakan tsaya, hannun ya yi sanyi. In aka ɗan sassauta, jini ya samu shiga ta jijiyoyi masu bugawa da ke can ciki, sai jijiyoyin da ke kusa da fata su kumbura a ƙasan ɗaurin, saboda an tare musu hanyar komawa. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗaure damtsen majinyaci a asibiti kafin a ɗebi jininsa.

Ya wallafa sakamakonsa a Frankfurt a 1628, cikin ɗan littafi mai shafi 72. Manyan likitoci irin su Jean Riolan na Faris sun yi masa ca. Akwai kuma giɓi a bayanin nasa, domin bai iya nuna inda jini ke tsallakawa daga jijiyoyi masu bugawa zuwa marasa bugawa ba. Ya rasu a 1657. Shekara 4 bayan haka, Marcello Malpighi, wanda aka haifa a shekarar da littafin ya fito, ya duba huhun kwaɗo da madubin ƙara girman abu, ya ga 'yan jijiyoyin da suka fi silin gashi siranta suna haɗa su.

3.5 Taƙaddama a kan Fifiko

Har zuwa farkon ƙarni na 20, Servetus da Colombo ake jingina wa gano kewayen huhu. A 1924 wani likita Bamisire mai suna Muhyiddin Attatawi ya gabatar da kundin digirinsa a Jami'ar Freiburg ta Jamus a kan kwafin sharhin Ibnun Nafis da ya ci karo da shi a ɗakin karatu na Balin. Daga baya Max Meyerhof ya buga nassin tare da fassara.

Daga nan aka shiga tambayar ko Turawa daga wurinsa suka ɗauka. Masu cewa haka suna kafa hujja da Andrea Alpago, likitan da ya zauna Dimashƙa kimanin shekara 30, ya fassara wani ɓangare na sharhin Ibnun Nafis zuwa Latin, aka buga a Venice a 1547, shekara 6 kafin littafin Servetus. Masu musu kuwa suna nuni da cewa ɓangaren da aka buga a kan haɗa magunguna yake, bai ƙunshi zancen huhu ba. Kusancin shekarun abin dubawa ne, amma shi kaɗai bai isa hujja ba.

Akwai kuma masu zarce gona da iri, su ce Ibnun Nafis ne ya gano kewayen jini baki ɗaya, Harvey kwafa ya yi. Nassin bai goyi bayan wannan ba. Ibnun Nafis ya riga Servetus da shekara 311 wajen bayanin hanyar huhu, amma bai bar ra'ayin cewa hanta ce ke yin jini gaɓoɓi su shanye ba, bai kuma ce jinin da ya fita daga kogon hagu yana komowa na dama ba.