Ɗaukewar sauti a kwamfutar Linux bayan sauya kanel

Masu amfani da kwamfutar tebur mai tsarin Linux kan tarar da sauti ya ɗauke bayan an sabunta kanel, wato zuciyar manhajar da ke haɗa kayan na'ura da sauran shirye-shirye.

Galibi dai lasifika ba ta lalace ba. Direban katin sautin ne bai tashi tare da sabon kanel ɗin ba.

Yadda sautin ke tafiya

Direbobin sauti na cikin wani sashe na kanel mai suna ALSA, wanda Jaroslav Kysela ya fara a 1998, ya kuma maye gurbin tsohon tsarin OSS a kanel 2.6 na shekarar 2003.

A samansa akwai manhajar da ke rarraba sauti ga shirye-shirye. A da PulseAudio ce, amma Fedora ta koma PipeWire a 2021, Ubuntu kuma a 2022.

Kowane kanel na da nasa direbobin, don haka wanda ya yi aiki jiya ba lallai ya kasance a sabon ba.

Gwajin farko

Kafin a taɓa komai, a sake kunna kwamfutar, a danna Shift ko Esc domin buɗe jerin zaɓi na GRUB, sannan a zaɓi tsohon kanel.

Idan sauti ya dawo, to matsalar daga sabon take. Wannan ne ya sa ba a gaggawar goge tsohon kanel.

Matakan bincike

Umarnin uname -r na nuna kanel ɗin da ke aiki, aplay -l kuma na lissafa katunan sautin da ALSA ta gani.

Idan babu kati ko ɗaya, a duba da lspci -k ko direba ya kama katin. A yawancin kwamfutocin tebur sunansa snd_hda_intel.

A tsofaffin sigogin Ubuntu direbobin sauti da dama na cikin kunshin linux-modules-extra, kuma tilas lambarsa ta dace da ta kanel. Rashinsa kan sa a ga rubutun Dummy Output a wajen saita sauti.

Idan kuwa katin ya bayyana, a buɗe alsamixer. Alamar MM na nufin an rufe layin, kuma danna M na buɗe shi.

Wani lokaci jerin katunan ne ke sauyawa, sai sautin ya koma mahaɗar HDMI ta allo maimakon lasifika. A nan sake zaɓen mafitar sauti ya wadatar.

Idan duk hakan bai yi ba, a ci gaba da aiki da tsohon kanel, a kuma kai rahoto ga masu kula da tsarin tare da sakamakon dmesg, domin da shi suke gano inda kuskuren ya shigo.