Miyelom: cutar ɓargo da ke toshe ƙoda, da yadda ake magance ta

Ba kowane ciwon ƙoda ne ke farowa daga hawan jini ko ciwon suga ba. Akwai wanda tushensa ke cikin ɓargon ƙashi, wato miyelom, wani nau'in sankarar jini da likitoci ke rubutawa myélome multiple ko maladie de Kahler a takardun asibiti. Ƙodar da wannan cuta ta taɓa tana iya farfaɗowa, amma sai an gano ta da wuri, an kuma kiyaye wasu abubuwan da ke ƙarasa ta.

Mece ce miyelom?

A cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira filasmosit, waɗanda aikinsu shi ne ƙera sinadaran da ke yaƙar cututtuka. Idan ɗaya daga cikinsu ta gurɓace, sai ta yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, tana zuba furotin iri ɗaya tak cikin jini, wanda ba ya kare jiki daga komai. Wani likitan Ingila, Henry Bence Jones, ya yi nazarin wannan furotin cikin fitsarin wani majinyaci a shekarun 1840, shi ya sa har yau ake kiran sa da sunansa. Cutar ta fi kama waɗanda suka haura shekara 50, kuma binciken da aka yi a Amurka ya nuna tana kama baƙar fata kusan ninki biyu na yadda take kama farar fata.

Yadda take lalata ƙoda

Ƙoda matata ce mai ɗauke da siraran bututu masu yawan gaske. Ƙananan gutsattsarin wannan furotin suna ratsa matatar, su haɗu da wani furotin da ƙodar kanta ke fitarwa, su daskare su toshe bututun, kamar yadda yashi da shara ke cushe magudanar ruwa da damina. Tsakanin kashi 20 zuwa 50 cikin 100 na masu miyelom, ana tarar da ƙodarsu ta riga ta taɓu a lokacin da aka gano cutar. Wani lokaci kuma furotin ɗin yakan taru a naman ƙoda da zuciya, abin da ake kira amiloz, ko da ƙwayoyin da ke ƙera shi ba su yi yawan da za a kira su sankara ba.

Alamomin da ya kamata a lura da su

Ciwon baya ko na haƙarƙari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kasala da ƙarancin jini, karayar ƙashi ba tare da wani bugu mai ƙarfi ba, yawan kamuwa da cututtuka, ƙishirwa mai tsanani, da raguwar fitsari ko kumfa a kansa. Dattijon da ya haɗa biyu ko uku daga cikinsu, bai kamata a ce tsufa ne kawai ko gajiyar noma ba.

Abubuwan da ke ƙarasa ƙodar

Na farko shi ne magungunan kashe raɗaɗi irin su diklofenak da ibuprofen. Mai ciwon baya yakan saye su wajen ƴan tebur ko masu talla ranar kasuwa, ya yi ta sha kullum, alhali suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Na biyu ƙarancin ruwa a jiki: zafin bazara daga Maris zuwa Mayu, gudawa, amai ko zazzaɓi. Mai wannan cuta kada ya ɗauki azumi sai ya shawarci likitansa. Sauran su ne hauhawar kalsiyam da ke narkowa daga ƙashi zuwa jini, allurai irin su jantamisin, ruwan da ake ɗurawa kafin hoton sikana, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Yadda ake gano ta

Awon kiriyatinin da na kalsiyam da ƙidayar jini su ne matakin farko. Ƴar takardar nan da ake tsomawa cikin fitsari ba ta cika nuna irin wannan furotin ba, don haka tana iya cewa lafiya lau alhali cutar na nan. Awon da ke fito da shi sunansa électrophorèse des protéines, ana yin sa a jini da fitsari. Daga nan sai a ɗebi ɓargo da allura a duba, a ɗauki hoton ƙasusuwa.

Magani

Ana kama aikin ta fuska biyu a lokaci guda. Ta fuskar ƙoda, a dakatar da duk maganin da ke cutar da ita, a yi ƙarin ruwa har fitsari ya kai wajen lita 3 a yini idan zuciya da ƙoda za su ɗauka, a sauko da kalsiyam, a magance zazzaɓi. Ta fuskar ɓargo kuwa, a kashe ƙwayoyin da ke zubo furotin, domin muddin ba a toshe mafari ba, share magudana aikin banza ne. Ginshiƙin maganin shi ne bortezomib, wanda aka amince da shi a Amurka a 2003, haɗe da dexaméthasone. Amfaninsa shi ne yana aiki da sauri, kuma ba sai an rage shi don raunin ƙoda ba. Inda hali ya samu ana ƙara daratumumab, wasu kuma a yi musu dashen ƙwayoyin ɓargonsu.

Wankin ƙoda ana yin sa ne idan guba ko ruwa suka taru a jiki. Yana riƙe rai, ba ya warkar da miyelom. Sai dai wasu majinyatan kan rabu da na'urar bayan makonni ko watanni, idan maganin ɓargo ya karɓe su. Cutar kanta ba a cika rabuwa da ita kwata-kwata ba, amma ana danne ta shekaru.

Ina za a nufa daga Matameye?

A fara da asibitin gundumar Matameye, a nemi awon jini da na ƙoda. Idan sakamakon ya nuna matsala, a karɓi takardar turawa zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram, tafiyar ƙasa da kilomita 100, inda akwai sashen cututtukan ƙoda da na'urorin wanki. Ƙwararrun sankarar jini da Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa suna Yamai. Wasu iyalai sukan tsallaka zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Duk inda aka nufa, a tafi da takardun awon baya da kwalayen magungunan da majinyaci ya sha, har na tebur da na gargajiya, domin likita ya san abin da zai fara dakatarwa.