Wata Shida a Zariya: Hannu Biyun da Suka Ɗauki Magana Jari Ce



Duk lokacin da muka ambaci Magana Jari Ce, sunan mutum ɗaya ke zuwa bakinmu: Abubakar Imam. Hakan daidai ne, don alƙalaminsa ne. Amma mun cika mantawa da cewa ba shi kaɗai ya shiga ɗaki ya kulle ƙofa ya fito da littafin ba. Akwai wanda ya nemo shi, ya tara masa kayan aiki, ya karanta abin da ya rubuta, ya ce gyara nan, rage can. Wannan mutum shi ne Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya.

Mu ɗan koma baya. A 1933 East ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko don shiga gasa. Bai samu abin da sauƙi ba. A wajen malaman lokacin, rubutu na addini ne da tarihi da waƙa, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare. Daga gasar aka buga littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Imam yana ɗan shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

A 1936 aka aro shi daga Katsina zuwa Zariya na wata shida. East ya jibge masa littattafan hikayoyi na Larabawa da Indiya da Turai, irin su Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan Grimm suka tattara a Jamus, ya ce ya duba ya yi wa yaran makaranta littafin karatu. Abin da ya fito shi ne littattafai uku da akun nan mai bakin tsiya ke jan zarensu.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu duba rabon aikin. East ya san yadda ake tsara littafi, ya san inda labari ke yin nauyi har mai karatu ya ajiye shi, kuma ya damu ƙwarai da ƙa'idar rubutu. Ya iya Hausa, amma iyawar wanda ya koya da girma. Imam kuwa yana da abin da ba a samu a ƙamus: ya san yadda bafade ke zuga sarki, yadda mata ke habaici, inda karin magana ke zama daram da inda take zama kwalliyar banza. Ku ɗauki labarin Kalala da Kalalatu. Ƙashin bayansa na wata kuku ce a tatsuniyar Jamus da ta cinye kajin baƙo ta haɗa maigida da baƙon faɗa. Amma wa ya taɓa karanta Kalalatu ya ji ƙanshin Jamus? East ne ya kawo buhun, Imam ya surfa ya niƙa ya tuƙa. Da Baturen ya nace sai an bi asalin labarin sawu da ƙafa, da fassara muka gada, wadda ba mai tunawa da ita yau. Da Imam ya ɗauki kowane jan alƙalami a matsayin raini, da wataƙila ya tattara ya koma ajinsa a Katsina.

Kada mu yi wa tarihin kwaskwarima. Ba abokai ne masu matsayi ɗaya ba. Ɗaya jami'in gwamnatin mulkin mallaka ne mai iko da kuɗin bugu, ɗayan kuma malamin makaranta ne da aka turo masa. Shi East ke zaɓen abin da za a buga, kuma har yau manazarta na muhawara kan yadda zaɓinsa ya karkata akalar ƙagaggen labarin Hausa zuwa hikaya da littafin aji. Muhawara ce mai tushe. Sai dai duk da wannan rinjaye, mu dubi bangon littattafan. A Jiki Magayi, inda ya sa hannu cikin rubutun kansa, sunansa na nan tare da na Tafida. A Ikon Allah, littafin kimiyyar halittu da suka yi da Imam daga baya, sunayensu biyu ne. A Magana Jari Ce kuwa, inda aikinsa tattaro kaya ne da gyara, sunan Imam ne kaɗai.

Mu fa? Sau nawa muka ga an fara littafin haɗaka da mutum biyar, kafin babi na uku an daina gaisawa saboda sunan wa zai zo a sama? Sau nawa muka tura wa ɗan'uwa labari muka ce ya duba mana, alhali yabo muke jira, da ya nuna mana ramin da ke tsakiyar labarin sai muka ce hassada ce? Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wanda ba mu cika faɗa ba: mai gyaran da za ka ba shi labarinka ya dawo maka da nasa, ya share karin harshenka na Sakkwato ko Damagaram har a bakin taurari, wai yana daidaita Hausa.

Wata shidan nan ba su ne ƙarshen tafiyar ba. Da aka tashi kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, East bai yi dogon nema ba. Malamin nan na Katsina da ya jure masa jan alƙalami aka sake kirawowa Zariya, wannan karon ya hau kujerar edita, shi ma ya fara gyara rubutun wasu.