Yarjejeniyar Aburi

Yarjejeniyar Aburi ita ce matsayar da shugabannin mulkin sojan Nijeriya suka cimma a ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967, a garin Aburi na ƙasar Gana. An yi zaman a gidan Peduase, masaukin hutun shugaban ƙasa da aka gina a zamanin Kwame Nkrumah bisa tsaunukan Akwapim, arewa da Akara. Janar Joseph Ankrah, shugaban Gana a lokacin, shi ne mai masaukin baƙi.

Bayan juyin mulki biyu da kashe-kashen 1966, Odumegwu Ojukwu, gwamnan Jihar Gabas, ya ƙi zuwa Legas saboda tsoron lafiyarsa, shi ya sa aka fita waje. Yakubu Gowon, shugaban gwamnatin sojan Nijeriya, ya halarta, haka ma Hassan Usman Katsina, gwamnan Arewa.

Sun amince ba za a yi amfani da ƙarfi ba, kuma manyan hukunce-hukunce sai da yardar Majalisar Ƙoli ta Soja. Abin takaici, kowa ya koma gida da tasa fassarar. Ojukwu ya ƙi Doka ta 8 da gwamnatin Legas ta fitar a watan Maris don aiwatar da yarjejeniyar, ya ayyana Jihar Gabas a matsayin ƙasar Biyafara ranar 30 ga Mayu, yaƙi ya ɓarke 6 ga Yuli.